Benci ɗari biyu, jiran wata goma sha ɗaya: sayayyar gwamnati da makomar ƙananan sana'o'i

A bayan layinmu akwai wani kafinta, dattijo ne da ya haura sittin, kowa Baba yake ce masa. Rumfarsa ta kwano ce, injin yankan katako ɗaya, sai yara bakwai, wasu masu koyo wasu masu aikin lada. A farkon 2024 wani Alhaji ya kawo masa aikin benci ɗari biyu na makarantar firamare. Da yamma ya same ni a ƙofar gida da wata takarda a naɗe cikin leda, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan, idona ba ya kama ƙananan rubutu." Na duba sama na duba ƙasa, babu sunansa ko'ina. Sunan wani kamfani ne a kai, wanda ba shi da rumfa ba shi da ma'aikaci. Shi kansa Alhajin ba shi ne mai kamfanin ba, sayen takardar ya yi. Baba dai shi ne hannu na uku.

Kafin alƙalamin da aka ba shi bai kai kuɗin rabin katako ba. Sauran ya ɗauko bashi a 'yan katako, ƙusa da gam da fenti kuma a wurin wani mai shago da suka fi shekara ashirin suna hulɗa. Cikin mako shida aka gama. Ina tsaye ranar da aka yi lodi, Baba yana bin kowane benci da tafin hannu yana shafawa ko zai ji kan ƙusa, don kada ta yaga wandon yaro. Kuɗinsa ba su cika ba sai bayan wata goma sha ɗaya, a gutsure, sau huɗu. Duk sanda ya buga waya amsa ɗaya ce: "Baba, a ƙara haƙuri, ba a saki kuɗi ba, fayil yana sama." Kafin kuɗin su cika, katako ya yi tashin gwauron zabo, uku cikin yaran sun koma tuƙin adaidaita sahu, mai katako kuma ya ce daga yau sai kuɗi hannu.

A lissafin ofis, wannan aiki ya yi daidai da duk abin da gwamnati ke cewa tana so: kayan gida, hannun gida, kuɗi sun zagaya a gida. A rumfa kuwa, mutum ne ya shiga aiki da yara bakwai ya fito da huɗu, ya kuma rasa amanar da ya yi shekara ashirin yana ginawa. Tsakanin lissafin nan biyu nake so mu tsaya.

Babu mai saye a ƙasar nan da ya kama ƙafar gwamnati. Kasafin tarayya na 2025 kaɗai naira tiriliyan 54.99 ne, ban da na jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Albashi da biyan bashi suna cin babban kaso, amma abin da ya rage ma ba ƙarami ba ne, kuma da yawansa kayan da muke gani kullum ne: alli da allo, kujeru, kakin jami'an tsaro, zanen gadon asibiti, abincin 'yan makarantar kwana, buga takardu, bulo, yashi, gyaran famfo. Duk wannan aikin tela ne da kafinta da birkila da mai walda da mai tuwo. Binciken da hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i (SMEDAN) ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2021 ya ƙirga ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 39.6, waɗanda ke samar da kusan kashi 46 cikin ɗari na arzikin ƙasa, kuma mafi yawansu mutum ɗaya ne da yaransa, kamar Baba.

Amfanin oda mai ƙwari ga ƙaramar sana'a ya wuce ribar ranar. Mai sana'a ba ya sayen inji sai ya san akwai aikin da zai ciyar da injin, kuma ba ya ɗaukar yaro a kan albashi sai ya san wata mai zuwa akwai abin biya. A Barazil masana tattalin arziki Claudio Ferraz da Frederico Finan da Dimitri Szerman sun bi diddigin kamfanonin da suka ci kwangilar gwamnati da waɗanda suka faɗi da ƙyar, suka ga waɗanda suka ci sun ƙara ma'aikata, bunƙasar ta ci gaba bayan kwangilar ta ƙare, har sun shiga kasuwannin da da ba sa shiga. Mu ma mun taɓa ganin irin haka. Tun 1975 da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, gwamnati ta mai da ƙirar Peugeot 504 motar ofis, kuma a inuwar wannan ciniki masu yin kayan haɗi da dillalai da kanikawa suka ci abinci shekara da shekaru. Abubuwa da dama ne suka haɗu suka durƙusar da kamfanin, daga faɗuwar naira bayan 1986 zuwa kwararowar motocin gwanjo, amma sa'ad da gwamnati ta daina saya wa ma'aikata motar ofis a 2003 ta koma ba su kuɗi a hannu, babban mai sayen ne ya tashi daga layi.

To me ya sa ƙarfin da ya riƙe masana'anta guda ya kasa riƙe rumfar kafinta?

Dokar da ke tafiyar da sayayyar tarayya ita ce ta 2007, wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta kafa hukumar kula da sayayyar gwamnati, BPP. Gadon ofishin bin ƙa'ida ne da gwamnatin Obasanjo ta buɗe a 2001, wanda Oby Ezekwesili ta yi suna da shi. Duk wanda ya san yadda ake rabon kwangila kafin lokacin, a rubuta sunan ɗan uwa a 'yar takarda a ninka farashi, ba zai raina dokar nan ba. Ta ce a tallata aiki a fili, a buɗe tanda, wato takardun tayin farashi, a gaban masu nema, a bai wa wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi sauƙin farashi. Don ɓarawo aka gina katangar, kuma ta yi amfani. Sai dai tsawonta ɗaya ne ga ɓarawo da kafinta.

Ɗauki kowace sanarwar neman 'yan kwangila ka karanta. Ana son rajistar kamfani ta hukumar rajistar kamfanoni (CAC), da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun hukumar fansho da asusun horar da ma'aikata (ITF) da na inshorar ma'aikata (NSITF), da rajista a rumbun 'yan kwangila na BPP, da lissafin kamfani na shekara uku wanda odita ya sa wa hannu, da wasiƙar banki, da rantsuwar kotu, da shaidar ka taɓa yin irin aikin. An ɗauke wa masu 'yan ma'aikata kaɗan wasu daga ciki, amma sauran suna nan, wasu kuma duk shekara ake sabuntawa. Ko wace takarda tana da hujjarta, ba na musu. Matsalar ita ce wahalar haɗa su kusan ɗaya ce ko aikin na miliyan biyar ne ko na biliyan biyar. Babban kamfani yana da ma'aikacin da aikinsa ke nan. Kafinta kuwa sai ya rufe rumfa ya bi ofis-ofis, a kan aikin da ba shi da tabbacin samu, wanda aka tallata da Turanci a jaridar da ba ya gani.

Daga nan sana'ar riƙe takarda ta samo asali. Mutum ya haɗa takardu, ya san wanda zai gani, ya ci aiki, ya cire kasonsa, ya sayar. Na biyu ya cire nasa ya miƙa wa mai yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuɗin benci mai kyau ne suka fito daga baitulmali, amma abin da ya iso rumfa da ƙyar yake sayen katako mai daraja ta biyu, shi ya sa ake ganin bencin da bai shekara ba ya karye, a ce masu aikin gida ba su iya ba. Akwai kuma wata asarar da ba a cika lura da ita ba, wadda ni ta fi ci mini rai. Takardar shaidar kammala aiki da sunan kamfanin takarda take fita. Benci ɗari biyun da Baba ya yi sun shiga tarihin wani. Gobe in aka ce a kawo shaidar aikin baya, mai takarda yana da ita, wanda ya riƙe guduma ba shi da komai. Ko shekara talatin zai yi yana wa gwamnati aiki ta bayan fage, a idon doka bai taɓa yi ba.

Girman aikin da ake yankawa shi ma yana zaɓar wanda zai ci tun kafin a buɗe tanda. In ma'aikata ta haɗa kujerun makarantu ɗari ta tallata a dunƙule, ta riga ta sallami duk wani kafinta a jihar. In ta raba shi makaranta-makaranta ko ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma, sai ya zama aikin mutum arba'in. Ma'aikaci yana da dalilin son dunƙulewa: fayil ɗaya ya fi arba'in sauƙi, ga kuma tsoro, domin dokar 2007 ta lissafa tsattsaga kwangila don kauce wa iyakar amincewa cikin laifuffuka. Haramcin daidai ne, amma ya sha bamban da a tallata aiki ɗaya a fili a ce an kasa shi kashi ashirin, kowa ya nemi wanda zai iya. Na farko ɓoyo ne, na biyu buɗe ƙofa ne, kuma da yawan jami'ai gudun na farko yake sa su ƙi na biyu.

Duk waɗannan ana iya jure su. Abin da ba ya jurewa shi ne jinkirin biya.

Mu yi lissafi na misali. A ce mai sana'a ya samu aikin naira miliyan goma, zai kashe takwas ya ci ribar biyu. Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, don haka in ƙaramin ɗan kasuwa ya samu rance a kashi 30 ma ya yi sa'a. Kashi 30 na miliyan takwas miliyan 2.4 ne a shekara, wato dubu ɗari biyu duk wata. Wata goma na jira sun cinye ribar tas. Daga wata na goma sha ɗaya uwar kuɗi ake ci. In kuma da jarinsa ya yi aikin bai ci bashi ba, hauhawar farashi tana jiransa: a Disamban 2024 ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ma'ana miliyan goman da aka biya bayan shekara ba ta sayen abin da miliyan bakwai da rabi suka saya ranar da aka fara aiki. Ban sa harajin da ake cirewa tun daga tushe ba, ban sa kuɗin mota na zuwa bin fayil ba, ban sa na goron da ake ajiyewa don fayil ya tashi daga wannan tebur zuwa wancan ba.

A nan Arewa akwai wani ƙarin al'amari. Da yawan masu sana'armu ba sa zuwa banki cin bashin ruwa saboda addini. Jarinsu amana ce: mai katako ya ba ka kaya zuwa wata biyu, mai yadi a Kantin Kwari ya ba tela bandir ya ce in an biya ka ka kawo, mai siminti a Ƙofar Ruwa ya rubuta sunanka a littafi. Wannan amana ita ce bankin talaka, kuma ba ta da jingina sai mutunci. Idan gwamnati ta riƙe kuɗin mutum ɗaya, sarƙa guda ta riƙe, tun daga kafinta zuwa mai katako zuwa direban da ya ɗauko daga kudu. Kuɗi suna iya dawowa bayan shekara, amma kalmar "wane ba ya cika alkawari" in ta shiga kasuwa ba ta fita da wuri.

Abin takaicin shi ne dokar ta hango wannan. Ta ce kada a ƙulla wata kwangila sai ma'aikata ta tabbatar akwai kuɗin biya. Ta ce duk kuɗin da ya wuce kwana sittin bayan an miƙa takardar neman biya an kuma tabbatar da aiki, jinkiri ne, kuma za a biya ruwa a kansa gwargwadon abin da aka rubuta a yarjejeniya. Ta yarda a ba da kafin alƙalami har kashi 15 cikin ɗari, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar gida. Amma kafin a ba ka sai ka kawo lamunin banki ko na kamfanin inshora, banki kuma sai ka ajiye masa takardar fili. Wa kuma zai kai ma'aikata kotu a kan ruwan jinkiri alhali yana fatan a sake ba shi aiki baɗi? Shi Baba ko wannan damar ba shi da ita, tun da babu sunansa a takarda.

Tushen jinkirin a kasafi yake. Abin da majalisa ta amince da shi alkawari ne, ba kuɗi ne a hannu ba. In kuɗin shiga suka gaza, albashi ake fara biya da bashin da aka ciwo, ayyuka su ne na ƙarshe a layi, alhali ma'aikatu sun riga sun raba takardun kwangila. Ɓangaren ayyuka na kasafin 2024 sai da aka tsawaita shi zuwa Yunin 2025, aka sake tsawaita shi zuwa Disamba, kuma a cikin shekarar 'yan kwangilar gida suka yi ta zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi da ta Majalisar Tarayya a Abuja kan ayyukan da suka gama ba a biya su ba. A jihohi kuma in gwamnati ta sauya, sai a kafa kwamitin tantance bashin da aka gada, mai bin kuɗin fenti da mai bin kuɗin gada su hau layi ɗaya. A zahiri rance ne gwamnati take karɓa ba tare da ta roƙa ba, daga hannun wanda ya fi kowa ƙarancin jari, don ta toshe giɓin kasafinta.

Ita ma gwamnatin ba ta tsira ba. Wanda ya san za a ja masa rai shekara guda zai sa kuɗin jiran a cikin farashi, sai a sayi abin dubu goma a dubu goma sha biyar. Masu gaskiya da ƙaramin jari su janye. Waɗanda suka rage su ne masu kuɗin jira da masu hanyar sa fayil ya yi tafiya. Haka tsarin yake tace mutane a hankali, har a wayi gari "ɗan kwangila" ya zama sunan wanda ya san mutane, ba wanda ya iya aiki ba.

Amsar da shugabanni suka fi so ita ce umarnin a sayi kayan gida. A watan Mayun 2017 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a umarni mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari na abin da ma'aikatun tarayya ke kashewa a kan kaki da takalma, abinci da abin sha, kujeru, kayan rubutu, motoci, magunguna, kayan gini da kayan fasahar sadarwa ya tafi ga na gida. A Fabrairun 2018 Shugaba Buhari ya ƙara da umarni mai lamba 5 kan fifita ƙwararrun gida a ayyukan injiniya da kimiyya. A Mayun 2025 majalisar zartaswa ta Shugaba Tinubu ta amince da manufar sa Najeriya a gaba, wadda ta ce kada a sayo daga waje abin da ake yi a gida sai da izini. Ina goyon bayan niyyar. Amma maimaita umarni ɗaya sau uku cikin shekara takwas shi kansa yana nuna na farkon bai kama ƙasa ba, kuma mun ga yadda a 2023 aka sayo wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motocin waje alhali ana haɗa motoci a Nnewi da Kaduna da Legas. Ban da haka, "na gida" daban, "ƙarami" daban. Babban kamfanin siminti ma na gida ne. Fifikon farashi da dokar 2007 ta tanada yana aiki ne kawai a tandar da aka buɗe wa kamfanonin waje, don haka yana kare ɗan Najeriya daga baƙo, amma ba ya kare mai rumfa daga mai kamfani.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske ƙaramin suka ambata da suna. Amurka ta ɗora wa kanta burin kashi 23 cikin ɗari na kuɗin kwangilolin tarayya su tafi ga ƙananan kamfanoni, tana da ƙa'idar keɓe musu aiki in ana sa ran aƙalla biyu daga cikinsu za su iya shi da farashi mai kyau, kuma tun 1982 take da dokar biya a kan lokaci. Indiya ta keɓe kashi 20 a 2012 ta ɗaga zuwa 25 a 2018, amma abin da ya fi jan hankalina dokarta ta 2006 ce, wadda ta ce duk wanda ya sayi kaya daga ƙaramin mai sana'a ya biya cikin kwana 45, in ya saɓa ya biya tara mai nauyi. Kenya kuwa gargaɗi ce gare mu. A 2013 ta keɓe kashi 30 ga matasa da mata da masu buƙata ta musamman, dubbai suka yi rajista suka ci bashi suka kai kaya, sannan da yawa suka faɗa cikin tarin kuɗaɗen da gwamnatin tsakiya da na gundumomi suka kasa biya. Buɗe ƙofa ba tare da gyara biya ba ƙara yawan waɗanda za su karye ne.

Muna da misali a gida da ya nuna fuskokin biyu. Shirin ciyar da 'yan firamare da tarayya ta fara a 2016 ya kauce wa kusan duk tarkon da na lissafa. Aikin a yanke yake ƙanana, mace ɗaya da yara 'yan aji ɗaya zuwa uku da aka ware mata. Ba a nemi lissafin odita ba, asusun banki aka nema da gwajin lafiya. Kuɗi kai tsaye suke shiga asusun mai dafawa. Gwamnati ta ce shirin ya kai yara sama da miliyan tara da masu dafa abinci sama da dubu ɗari. Na san matan da a lokacin suka fara buɗe asusu, suka sayi babbar tukunya, suka ɗauki 'yar taya aiki, mai wake da mai manja a kasuwar ƙauye suka san ranar da za su zo. Sai dai naira 70 da aka yanka wa kowane yaro ta daɗe a haka yayin da kwanon shinkafa yake hawa, biya ya koma yau akwai gobe babu, siyasa ta shiga zaɓen masu dafawa, daga ƙarshe aka dakatar da shirin a Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Tukunyar tana nan a ɗaki, odar ce babu. Barazil ta ɗaure nata da doka tun 2009, a lokacin ta ce aƙalla kashi 30 na kuɗin abincin makaranta a sayi amfanin ƙananan manoma da shi, don kada sauyin gwamnati ya tafi da kasuwar.

Ba zan wanke namu ba. Akwai wanda ya karɓi kafin alƙalami ya ƙara aure ko ya tafi Umara, aiki yana kwance. Akwai tela da zai kawo riga ɗari, girma ɗaya aka ce, amma ba biyu da suka yi daidai. Akwai masu sana'a da yawa da ba sa raba aljihun gida da na shago, ba su da littafi, ba su da rasit. Jami'in da aka taɓa ƙonawa da irin wannan yana da hujjar tsoro. Maganinsa shi ne a fara da ƙaramin aiki, a auna, a rubuta sunan wanda ya cika da wanda ya saɓa, a ƙara wa na farko a rufe wa na biyu. Ƙungiyoyin sana'a da muke da su, masu takalmi na Ƙofar Wambai, maƙeran Panteka a Kaduna, ƙungiyoyin teloli da kafintoci na kowane gari, sun san waye waye fiye da kowace takardar rantsuwa, kuma suna iya karɓar oda da sunan ƙungiya su raba su tsaya wa inganci. Mai sana'ar da ya jingina da gwamnati kaɗai shi ma yana kan siraɗi, domin ranar da mai ba shi aiki ya bar kujera kasuwarsa ta tashi.

Inda nake ganin gyara zai fi saurin kamawa shi ne jihohi da ƙananan hukumomi, saboda su ke sayen benci da allo da kayan makaranta. Jihohi da dama sun yi dokokin sayayya nasu, Kaduna a 2016, Kano a 2021, sannan Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Gwamna ba ya bukatar jiran Abuja kafin ya ce duk aikin da bai kai wani adadi ba na masu sana'ar ƙaramar hukumar ne, a sanar da shi a rediyo da Hausa, a nemi takarda ɗaya ko biyu. Yana iya cewa duk ɗan kwangilar da zai ba wani aikin hannu ya rubuta sunansa a yarjejeniya, a biya shi kasonsa kai tsaye, a ba shi shaidar aiki da sunansa. Mafi muhimmanci, kada a fitar da takardar aiki sai kuɗinsa suna ajiye, a kuma liƙa jerin masu bin bashi a fili da ranar da kowa ya gama, a biya bi da bi, na farko shi ne na farko. Da zarar ranar biya ta zama abin dogaro, bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, za su iya sayo wa kafinta katako ta hanyar murabaha, wato su saya su sayar masa da ribar da aka amince ya biya daga baya, domin sun san ranar da kuɗi za su dawo. Mai katako ma zai koma ba da kaya a kan amana.

Kwanakin baya Alhajin ya dawo wa Baba da sabon aiki, wannan karon benci ɗari uku. Ina zaune a rumfar. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, na gode da tunawa da ni. Ka sayo katako da kanka ka kawo, ladan aiki kuma duk benci hamsin a sallame ni." Alhajin ya ce shi ma ba shi da kuɗin, sai an biya shi, kuma na yarda gaskiya ya faɗa. Suka yi sallama cikin mutunci. Baba ya koma kan gadon amarya da yake haɗawa, wanda uban yarinyar ya riga ya biya rabi. Aikin kuwa ya koma hannun wani yaro da ya buɗe rumfa bara a bakin titi, ɗaya daga cikin waɗanda Baba ya yaye. Jiya na wuce ta wurin na ga an sauke masa katako, mota guda, duk bashi.